Karen da Aka Raɗa wa Sunan Mutumin da Ba a Taɓa Haifa Ba

Haushinsa na fara ji kafin in ga ƙwayar idonsa. Muna tafe a gefen wani tafki a bayan garin Selkirk, ni da ɗan yayata da ke karatu a Edinbara, sai wata murya mai kauri ta taso daga bayan shingen duwatsu, irin muryar da in ka ji ta a ƙofar gidan wani a unguwarmu, daga nesa za ka tsaya ka yi ta rafka sallama. Na ja da baya ina neman abin hawa. Yaron nan kuwa ya riƙe ciki yana ta dariya.

"Kawu, dubi ƙasa mana," in ji shi. "Kana ta kallon sama."

Na duba ƙasa. Abin da ya ɓullo ta kafar shingen ko rabin ƙwaurina bai wuce ba. Jiki dogo kamar an kama shi gaba da baya an ja, ƙafafu gajeru, kunnuwa a zube, kai babba, a bisa kan kuma ga wani tulin farin gashi kamar an naɗa masa rawani. Idanunsa dara-dara ne, baƙaƙe, ya kafa mini su yadda alƙali ke kallon wanda ya riga ya san ƙarya zai yi. Ya sake yin haushi sau ɗaya, don dai in tabbata daga wannan ɗan ƙirjin muryar ta fito, sa'an nan ya zauna.

Ba don kare na je Selkirk ba. Mungo Park ne ya kai ni. Duk wanda ya yi firamare a zamaninmu ya sha haddar sunansa, wai shi ne ya gano kogin Kwara, kogin da mutane suke wanka da su a cikinsa tun ba a haifi kakan kakansa ba. An haife shi a 1771 a wata gona da ake kira Foulshiels, 'yar tafiya kaɗan daga garin, ya kuma mutu a 1806 a Busa, ƙasa da Yawuri, inda ruwa ya ci shi. Wurin ma yanzu yana ƙarƙashin tafkin Kainji. Na ce tunda shi ya tako har ƙasarmu ya gano mu, bari ni ma in je in gano garinsu. Muka shiga jirgin ƙasa a Edinbara, a tashar da ake kira Waverley, cikin ƙasa da awa ɗaya muka sauka Galashiels, muka ƙarasa da bas. Na ga gunkin Mungo Park a kan babban titin garin, na ɗauki hoto, na kuma ga cewa in ban da mu babu mai ɗaga kai ya dube shi.

A dandalin kasuwa akwai wani gunkin, na Sir Walter Scott, a gaban tsohuwar kotu. Shi ne ya riƙe alƙalancin wannan yanki daga 1799 har ya rasu a 1832, kuma abokin Mungo Park ne. Amma ba alƙalanci ya sa duniya ta san shi ba, littattafan labari ne. Ita tashar jirgin da muka taso daga cikinta ma sunan wani littafinsa ta ci. Wannan ya ba ni dariya a lokacin, tashar jirgi guda da sunan littafin hira. Ban san abin da ke jirana a bakin tafki ba.

Igiyar karen tana hannun wata dattijuwa mai takalmin roba da rigar ruwa, ko da yake a lissafinsu bazara ake ciki, watan Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, mai jiran isha'i ya yi ta gyangyaɗi. Ta ba ni haƙuri a kan tsoratar da ni da aka yi. Turancin da na taho da shi daga gida bai ci a bakinta ba, domin mutanen kudancin Sikotilan suna da nasu karin harshen, sai ɗan yayata ya zama tafinta. Na ce ya tambaye ta wane irin kare ne wannan.

"Ɗana, gaya wa kawunka ya yi sa'a," in ji ta. "Mutane da yawa a ƙasar nan sun tsufa ba su taɓa ganin irinsa ido da ido ba. Sunan irinsa Dandie Dinmont. Ku biyo ni in nuna muku kakansa."

Na zaci kabari za ta kai mu. Muka bi ta muka wuce wani tsohon gidan masu hali da ake kira The Haining, wanda mai shi na ƙarshe ya bar wa jama'ar yankin wasiyya, muka shiga wani fili ta wajen bargar dawaki. A can, bisa wani dandamalin dutse, ga kare na tagulla, kamarsa ɗaya da wanda ke jan igiya a gabanmu. Sunansa Old Ginger, wato Tsoho Citta. A nan gidan aka haife shi ranar 4 ga Yuni, 1842, kuma a 2017, da ya cika shekara 175 da haihuwa, masu kiwon irinsa suka taru daga ƙasashe daban-daban suka kafa masa wannan gunki. Wanda ya sassaƙa shi, Alexander Stoddart, ba ƙaramin masassaƙi ba ne, shi ke riƙe da muƙamin masassaƙin gidan sarauta a Sikotilan. Masu bin salsalar irin sun ce duk Dandi da ke numfashi a duniya yau, in ka bi ta wajen uba, a kan wannan kare za ka tsaya.

Na tsaya ina jujjuya wannan rana a raina. Ni ban san shekarar da aka haifi kakana ba. Abin da aka ce mini kawai, yana ɗan saurayi aka yi wata babbar yunwa. Ga kare an san ranarsa da watansa da sunan uwarsa da na ubansa. An ce abin mamaki kare da tallan tsire. To ni na ga wanda ya fi, kare da littafin nasaba.

Muka zauna a kan wani benci, dattijuwar ta fito da burodin garin, wani mai nauyi cike da zabibi da suke kira bannock, ta yanka mana. Daga nan ta shiga ba mu labari, karen yana kwance a kan takalminta.

Turawa suna da dangin karnuka da suke kira teriya. Asalin kalmar daga Latin ne, tana nufin ƙasa, domin aikinsu shiga ƙasa ne. Sauran karnukan farauta suna bin nama a sarari, da gudu ko da hanci. Shi teriya sai naman ya shige rami ake kiransa. Yankin da muke zaune, iyakar Sikotilan da Ingila, ƙasar tuddai ce da tumaki, ana ce wa tuddan Cheviot. Manomin nan a ƙarni na 18 yana da abokan gaba da yawa kuma duk a rami suke kwana. Akwai yanyawarsu, wadda ta fi tamu girma, mai ɗauke 'yan raguna ranar haihuwa. Akwai wani ɗan'uwan dage mai zane fari da baƙi a fuska, wanda nauyinsa kan kai na karen ko ya fi. Akwai karen ruwa mai cinye kifin rafi, ga dangin tunku masu shiga akurki, ga ɓeraye a rumbu. Babu maganin ɓera na kanti, bindiga kuwa ba ta lanƙwasa ta bi rami. Sai kare.

Da ta faɗi haka, na sake duban halittar da nake yi wa dariya, sai na ga kowace gaɓa tana da dalili. Tsayinsa a kafaɗa inci 8 zuwa 11 ne, nauyinsa kilo 8 zuwa 11, daidai bakin rami. Ƙafafun gaba sun fi na baya gajarta, masu kauri ne da faɗin dagi, magirbi ke nan. Bayansa ba a miƙe yake ba kamar na sauran karnuka. Ya sauka a kafaɗa, ya hau a ƙugu, ya sake sauka wajen wutsiya, kuma doguwar gadon bayan nan tana lanƙwasa yadda zai bi kwanar rami. Wutsiyar tana da kauri a gindi, ta tanƙware sama kamar takobi. Muryar da ta kusa sa ni hawa bishiya ita ma kayan aiki ce: in ya nutse cikin ƙasa, da haushin nan maigidansa zai san inda zai sa shebur.

Ta sunkuya ta ɗaga masa leɓe. Na ga haƙoran da ba su dace da wannan fuska ta dattawa ba, fiƙoƙi dogaye, farare, irin na karen da ya ninka shi biyu. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

"Taɓa shi," in ji ta. "Ba ya cizon baƙi."

Na ɗan yi jim. Mu ba mu taso da shafa kare ba, ko da yake a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma ba a hana ajiye na farauta da na kiwo da na gona ba. Sabo ne kawai. Na miƙa hannu. Gashin bayansa garas-garas yake, ba kaushi can ba, ba laushi ba, gauraye ne na gashi mai tauri da mai taushi, wanda ke tare ruwa da ƙaya. Da na kai hannu kan rawanin sai na ji kamar audugar rimi. Shi kuwa ko gezau, ya bar ni na gama bincikena kamar mai jiran wanzami ya gama aski.

Launinsu biyu ne kacal, kuma duka sunan kayan yaji suka ci. Akwai Pepper, wato masoro, daga baƙi mai shuɗi-shuɗi har zuwa ruwan toka mai haske. Akwai Mustard, sunan wani yajin Turawa mai ruwan ɗorawa, daga ja-ja mai duhu har zuwa ruwan ƙasa fari-fari. Wanda ke gabanmu masoro ne. Ta ce da duhu ake haifarsu, suna girma suna washewa. Masoro, mastad, citta: na ce wa ɗan yayata waɗannan mutane a madafa suke raɗin suna.

Tun farko ba karen masu kuɗi ba ne. Waɗanda aka fi sani da shi su ne iyalai masu yawo gari-gari, masu gyaran tukwane da busa a wajen biki, irin mutanen da ake jin daɗin zuwansu amma ake ƙirga kaji bayan sun tashi. A cikinsu wanda sunansa ya tsira shi ne Willie Allan, mabushi, mutumin ƙauyen Holystone a kwarin kogin Coquet, ta ɓangaren Ingila, wanda ya rasu a 1779. Shi da karnukansa masu ƙasa kan ɗauko in karen ruwa ya addabi tafkinsu. Ana ba da labarin cewa wani babban basarake ya yi tayin gona sukutum a bakin kare ɗaya na gidan Allan, aka ce masa albarka. Daga wannan yanki kuma wasu teriyoyin biyu suka fito, Bedlington da Border, kuma shi Bedlington har yau yana da nasa ɗan tukkun.

Sunan kuwa daga littafi ya zo. A 1815 Walter Scott ya fitar da wani labari mai suna Guy Mannering. A ciki ya ƙirƙiri wani manomi, ƙato, mai faɗa da kyauta, ya sa masa suna Dandie Dinmont. Dandie ɗin lakabi ne na masu suna Andrew. Ya ba shi 'yan teriyoyi shida waɗanda suna biyu kawai suke rabawa, masoro da mastad, sai dai a ce babba, ko matashi, ko ƙarami. Littafin ya karɓu ƙwarai. To ashe akwai wani manomi na gaske, James Davidson, a gonar Hyndlee cikin tuddan kudu da garin Hawick, wanda haka yake kiran karnukansa, kuma mayen farautar yanyawa ne. Maƙwabta suka ce ai shi ne. Scott ya ce shi ba mutum ɗaya ya zana ba, ya tattaro halayen manoma da yawa ne, kuma sai bayan fitar littafin ma suka haɗu da Davidson. Wa ya saurare shi? Sunan ya manne wa Davidson har ya rasu a 1820. Scott da kansa ya ba da labarin wata babbar mace a Ingila da take son irin karnukan, ta rubuta wasiƙa da sunan Dandie Dinmont, mutumin da babu shi, kuma 'yan gidan waya ba su yi wata-wata ba suka kai wa Davidson.

Haka karnukan da a da ake kiransu da launinsu kawai, ko da sunan gonar da suka fito, suka zama karnukan Dandie Dinmont. A duk nau'o'in kare da ke cikin rajistar Birtaniya, shi kaɗai ne aka raɗa wa sunan mutumin cikin labari. Ka ɗauka a ce yau a ƙasar Hausa akwai wani irin doki ko rago da ba a san shi da kowane suna ba sai na wani gwarzon littafin hira, har a kasuwar Wudil a riƙa ciniki da sunan.

Amma abin da ya fi yi mini daɗi a duk labarin shi ne asalin Tsoho Citta kansa. Uwarsa 'yar gida ce, jininta yana komawa ga karnukan Scott. Ubansa kuwa, Old Pepper, tarko ne ya kama shi a 1839 a dajin Bowhill, ƙasar basaraken Buccleuch, nan kusa da Selkirk. Mai gadin dajin ya je duba tarkonsa ya tarar da kare a ciki. Ba wanda ya zo ya ce nasa ne, kuma dalilin a fili yake: duk wanda ya zo nema ya amsa laifin satar farauta a dajin basarake. Mai gadi ya riƙe shi. Wato wannan doguwar nasaba da ake rubutawa da zanen zinariya a rataye a bango, in ka bi ta har ƙarshe, a kan karen ɓarawo take tsayawa, wanda ba a san uwarsa ba balle ubansa. Da na faɗa wa dattijuwar haka ta bakin tafinta, ta yi dariya har da share hawaye, ta ce manyan gidajen yankin nan ma in aka tona, ɓarayin shanu ne kakanninsu. Gaskiya ta faɗa. Iyakar nan ta yi ƙarnoni tana fama da mahara masu kore dabbobin juna, kuma dangin Scott suna cikin na gaba-gaba.

Littafi ya fitar da kare daga rami ya kai shi falo. Masu hali suka shiga nemansa, har Sarauniya Biktoriya ta ajiye shi. A watan Nuwamba na 1875 masu kiwonsa suka taru a wani masauki mai suna Fleece a nan Selkirk suka kafa ƙungiya, wadda tana cikin mafi daɗewar ƙungiyoyin nau'in kare a duniya, daga baya kuma suka zauna suka rubuta yadda Dandi na ƙwarai ya kamata ya kasance, daga hanci har wutsiya. A ganina tun daga nan aka fara sauya masa sana'a. Davidson da Allan ba su damu da yadda kare yake a ido ba; wanda ya shiga rami ya fito da rai shi ake ba mace. Da aka koma gasar nuni, alƙali da ma'auni a hannu, sai abin da ido ke gani ya hau gaba. In ka dubi tsofaffin zane-zanen irin, rawanin bai kai haka ba. Ɗan tukku ne. Masu gasa ne suka yi ta zaɓe da taje har ya zama abin da na gani.

Aikin ma ya ƙare da kansa. Tun 1835 doka ta hana wasan haɗa kare da dabba faɗa don kallo. A 1973 aka hana tonon dagen nasu, a 1992 aka ƙara tsaurara kariyarsa, har raminsa ba a taɓawa. Karen ruwa ya kusa ƙarewa a kogunansu, shi ma aka sa shi cikin kariya daga ƙarshen shekarun 1970. A 2002 Sikotilan ta hana sakin karnuka su kori yanyawa su kashe. Ɓera dai doka ba ta hana ba, amma tun wajen 1950 da maganin ɓera na zamani ya shigo, manomi ya ga zuba ƙwaya ya fi ciyar da kare sauƙi. Yaƙin duniya na biyu ma ya yi musu ɓarna, domin abinci ya yi wuya, gidajen kiwo da yawa suka watse. Waɗanda suke son ɗan ƙaramin kare na ɗaki kuma yayi suke bi, bana wannan, baɗi wancan.

Hukumar rajistar karnuka ta Birtaniya tana da jerin nau'o'in gida da take jin tsoron ɓacewarsu, waɗanda 'ya'yan da ake yi wa rajista a shekara ba su kai 300 ba. Dandi ya daɗe a cikin jerin, kuma nasa lissafin a wajen ɗari yake yawo, wata shekara ya ɗan haura, wata ya gaza. A ƙasar da wasu nau'o'in ake rajistar dubun-dubatarsu duk shekara.

Ƙarancin nan yana da nasa ciwon. In dangi ya ƙanƙance, auren gida ya yi yawa, abin da ke ɓoye a jini sai ya fito. Dattijuwar ta ce abu biyu suke tsoro. Ɗaya hawan ruwan ido ne mai makantarwa, shi ya sa ake kai su likita ya duba idon kafin a haɗa su. Ɗayan ciwon baya. Doguwar gadon bayan da ta yi masa rana a rami ita ce ke ba shi wahala in ya yi ƙiba ko ya yawaita tsalle daga kujera. Ta nuna mini yadda ake ɗaukarsa, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu, kamar mai ɗaukar jariri. Gashinsa ba ya zuba sosai, kuma ba a sa masa injin aski, don yana kashe taurin. Da yatsu ake tsige wanda ya mutu, kaɗan-kaɗan, kamar mai figar kaza da tausayi. In za ta haɗa macenta, sai ta zauna da takardun nasaba ta yi ta lissafin wa ya haɗa kaka da wa, wani lokaci ta yi tuƙin yini guda don kai ta wajen namijin da jininsu ya yi nisa. Mai son saye kuwa sai ya shiga layi, ta bincike shi, gidansa, aikinsa, wa zai zauna da karen da rana.

"Kawu," in ji ɗan yayata a hankali da Hausa, "binciken da aka yi mini wajen neman aure bai kai wannan ba."

A wuyan karen akwai wani ɗan ƙyalle mai gida-gida baƙi da fari. Mutanen Sikotilan kowane dangi yana da nasa saƙin, da shi ake gane ɗan gidan wane ne, kamar yadda tsagar fuska take a wajenmu a da. Wannan na Walter Scott ne. A 2015, da littafin ya cika shekara 200, basaraken Buccleuch na yanzu, wanda shi ne shugaban dangin Scott, ya ba wa irin Dandi izinin sa shi. Jikan karen da aka kama yana sata a dajin gidan, yau gidan ne ya yafa masa mayafinsa.

Duk wannan hira hankalina yana wajen Baffana, ƙanen mahaifina, wanda har ƙarfinsa ya fara ja baya ba ya fashin farautar rani. Karnukansa dogaye ne, sirara, cikinsu a ɗame, kunne a yanke. Ba wanda ya taɓa rubuta sunan uban ɗayansu. In an tashi tonon gafiya, mu yara mu ne masu hura hayaƙi a bakin rami, a toshe sauran kafofin, karnuka su tsaya a gefe suna rawar jiki, don ba mai iya shiga. Sau nawa muka yini muna tono gafiya ta ɓulle ta wata kafar da ba mu gani ba, ta tsira da na bakinta. A ranakun nan da muna da wannan gajeren, da tuni mun dawo gida. Shi ga shi nan an ƙera shi don rami, an hana shi rami. Su can ga rami, ba mai shiga. Na so in ce mata haka, na ga zai yi wa tafinta tsawo.

Na tambaye ta dai, ko bayan duk shekarun nan na falo da taje-taje akwai sauran wani abu a cikinsa. Ta ce a gida rago ne, ya fi son kujera kusa da murhu, ba shi da yawan hayaniya kamar sauran teriyoyi, kuma in ya ga dama ka kira shi ya yi kamar kurma. Ba ta rufe baki ba sai na ga kunnuwansa sun motsa.

Ya miƙe. Jikin nan da yake zube kamar tsumma ya ɗaure tamau, wutsiya ta tashi, hanci ya nufi gindin shingen duwatsu, inda wata 'yar kafa take tsakanin saiwoyi. Bai yi haushi ba. Ya tafi a hankali, ciki na shafar ciyawa, har igiya ta miƙe, sa'an nan ya fizge ta daga hannun dattijuwar gaba ɗaya. Kafin ta ce wani abu kansa ya shige, kafaɗu sun bi, ƙasa tana fita ta tsakanin ƙafafunsa na baya kamar ana sheƙe hatsi. Daga cikin ramin muka ji wani gurnani da ban ji irinsa a bakinsa ba ɗazu. Ta durƙusa a cikin laka, da shekarunta, ta kamo shi ta ƙugu da hannu biyu tana kiran sunansa tana faɗa, shi kuwa yana turjewa. Da ƙyar ta zaro shi. Rawanin da ta ce ta yi awa guda tana tajewa da safe ya koma curin taɓo, da saiwa a maƙale, ido ɗaya kawai ake gani. Bai kama komai ba. Amma yadda yake haki yana waiwayen ramin, ban ga alamar yana jin ya yi laifi ba. Ita ma, duk da faɗan da take yi, bakinta ya ƙi rufuwa.

Da dare, wanda ba dare ba ne don gari da sauran haske, na aika wa Baffa hotuna biyu ta wayar jikansa, na kafin rami da na bayan rami, sa'an nan na kira. Na ba shi labarin gunki da littafi da ranar haihuwa da mayafin basarake. Ya saurara bai katse ni ba.

"Duk na ji," in ji shi. "Ya taɓa kama gafiya?"

Na ce, "Baffa, ai ba su da gafiya a nan."

Ya yi shiru, na ji yana ce wa yaron ya ƙara buɗo masa hoto na biyu.

"Ƙirjin nan na aiki ne," in ji shi. "In da hali ka taho mini da ɗaya. Amma a aske masa rawanin tun a can, kada mutanen gari su yi mini dariya."